Makamin harbo jirgi na kafaɗa: a duba idonsa kafin a ƙirga yawansa

Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 ake ta maimaita cewa Libiya ta tara kusan 20,000 na makamai masu linzami da ake saɓawa a kafaɗa a harbo jirgi, kuma wasu sun ɓace. Tsoron yana da tushe, amma a ganina adadin kaɗai yana ruɗar mutane.

Mafi yawan na Libiya Strela-2 ne, ƙirar Tarayyar Sobiyet ta 1968, wadda idonta, wato na'urar da ke gano mata jirgi, ba shi da kaifi. Zafin injin kawai take bi, don haka sai jirgi ya wuce ake harba ta daga baya. Rana ma kan ɗauke mata hankali, balle ƙwallayen wutar da matuƙa ke watsawa don yaudararta. A Mombasa ta Kenya a 2002 an harba biyu kan jirgin fasinja na Isra'ila, duka suka kuskure.

Stinger na Amurka da Igla na Rasha ba haka suke ba. Ana sanyaya idonsu da gas kafin harbi, sai su hango jirgi ko da yana tunkaro mai harbin. Da Stinger mujahidan Afganistan suka takura wa jiragen Sobiyet masu saukar ungulu daga 1986. Sai dai batirin da kwalbar gas ɗin, da zarar an kunna, ba sa kai minti guda. Batirin da ya shekara da shekaru a zafin sahara kuwa, wa zai ba shi amana?

Birtaniya ta bi wata hanya. Blowpipe nata da babban yatsa ake tuƙa shi har ya isa jirgi, kuma bai taɓuka abin kirki ba a yaƙin tsibiran Falklands da ta yi da Ajantina a 1982. Starstreak na yanzu hasken lesa yake bi, gudunsa ya ninka na sauti fiye da sau uku, ƙwallayen wuta ba sa ruɗa shi, amma sai hannun da ya sha horo.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne bakin filin jirgi. Waɗannan makamai ba sa kai wa jirgin da ya yi sama sosai. Hatsarin yana wajen tashi da sauka. Jirgin Shugaba Habyarimana na Ruwanda yana shirin sauka Kigali ne aka harbo shi a 1994.