Jarka da jakar makaranta

Ni kam abin ya ishe ni. Kullum da safe 'yata sai ta ɗauki jarka haɗe da jakar littattafai, wai makarantarsu a nan Gombe babu ruwa. Rijiyar burtsatse fa tana nan tsakar makaranta, an sha fenti, har da allon wanda ya bayar, amma hannun famfon ya karye tun damina.

Banɗaki kuwa, kar ka tambaya. Rami biyu, ƙofa ba sakata. 'Yan mata riƙe fitsari suke har a tashi, in al'ada ta zo wasu su zauna gida.

Sannan Malam ya aiko takarda wai a riƙa wanke hannu saboda kwalara. Da me, Malam? Da yashi?