Aljanun Garejin Alhaji

Kafinta a Kano ba ya tsoron zarto, ba ya tsoron ƙusa. Abin da ke hana shi barci shi ne uwar amarya idan an sa rana. A shekarar da nake ba ku labari, Babbar Sallah ta faɗo a farkon damina, ni kuma na karɓi aikin kayan ɗakin amare fiye da ƙarfina: gadaje, wadrob, madubi, har da kabad ɗin kicin. Yini ba ya isa, dole a haɗa da dare. Wurin aikina kuwa tsohon gareji ne da nake haya a gidan wani Alhaji, faɗinsa mita 4, tsawonsa mita 6. Duk hasken da ke cikinsa doguwar fitila ce guda ɗaya irin ta da, wadda in ka kunna sai ta yi ta ƙifce-ƙifce tana shawara da zuciyarta ko ta kama ko ta fasa. In wuta ta zo da rauni, ko shawarar ma ba ta yi.

Na kira mai wayarin ɗin unguwarmu, wanda kowa ke ce wa Injiniya. Ya shigo ya ɗaga kai ya dubi rufin kwano, ya auna garejin da taku, ya zaro biro ya hau lissafi a jikin filawud ɗina mai tsada. Ya ce wurin aikin hannu yana son lumen, wato ma'aunin ƙarfin haske, 300 zuwa 500 a kowane murabba'in mita, garejina kuma murabba'i 24 ne, ke nan sai na nemi abin da ya kai lumen 10,000 ko kusa da haka. Ya ce in sayo dogayen fitilun LED masu ƙafa 4, wat 18, guda shida, a jera su layi biyu. Daga nan ya faɗi kuɗin aikinsa.

Na ce masa zan neme shi. Ya mai da bironsa aljihu, ya yi murmushin da ban so ba, ya fita.

Na dubi yarona na ce, "Mutumin da ke haɗa wadrob mai ƙofa shida, waya biyu ce za ta gagare shi?"

Ya ce, "Oga, uku ce fa, akwai ta ƙasa."

Na ce ya koma ya ci gaba da goga sanfefa.

A Sabon Gari na iske shagon da ƙwayayen fitila ke rataye tun daga bakin ƙofa har silin. Tambayar mai shago ta farko: na fin ko na murɗawa? Na tsaya ina ƙoƙarin tuna kamannin holdar da nake kallo kullum. Ta biyu: fari ko ruwan ƙwai? Ya juya kwali ya nuna mini wata lamba mai harafin K a ƙarshe. Ya ce 2700 shi ne mai ɗorawa-ɗorawa na ɗakin kwana, 4000 tsaka-tsaki, 6500 kuma fari fat har yana karkata zuwa shuɗi. Ya ce launi lambar ke nunawa, ba ƙarfi ba, ƙarfin yana wajen lumen. Ni dai tun a firamare aka koya mini cewa 6500 ya fi 4000, kuma har yau ba a aiko mini da sanarwar an canja ba. Na ce ya ba ni babbar lamba. Batun fitila shida kuwa na soke shi nan take, na zaɓi ƙaton ƙwai guda ɗaya wanda sai da hannu biyu na ɗauke shi. Rana ma ai ɗaya ce, kuma ta wadaci duniya. Mai shago ya buɗe baki zai yi magana, ya ga kuɗi a hannuna, ya rufe.

Na ɗaura shi a tsakiyar rufi. Haske kam, masha Allah, har ƙusoshin da suka ɓata tun bara suka bayyana. Matsalar ita ce bencin aikina yana jikin bango, in na tsaya aiki fitilar tana bayana. Duk inda na ja layin fensir, nan inuwar kaina za ta zo ta zauna. Na matsa dama, ta biyo ni. Na matsa hagu, ta riga ni zuwa. Ban taɓa sanin girman kaina ya kai haka ba sai daren nan. In kuwa na kuskura na ɗaga ido, sai na ɗau lokaci ina ganin ɗigo-ɗigo a jikin katako.

Sai aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Da yammar na gama shafa banish a fuskar wani gado, na jingina shi ya sha iska, na kunna ƙaton ƙwaina, na buɗe ƙofar gareji. Ashe ƙwari sun fi son farin haske mai shuɗi-shuɗi fiye da mai ɗorawa. Shingen unguwarmu da na maƙwabtan unguwanni duk suka amsa gayyata. Kafin isha'i yara sun cika ƙofar da robobin ruwa suna kamu, har wata yarinya tana yi mini godiya. Da gari ya waye fuskar gadon ta bushe da fukafukai manne a jikinta tun daga sama har ƙasa. A daidai lokacin Hajiya uwar amarya ta biyo duba aiki.

Ta gyara zaman gilashinta ta ce, "Malam, wannan kuma wane irin ado ne?"

Na ce, "Sabon yayi ne, Hajiya."

Ta ce, "To ka ajiye wa 'yarka."

Na koma kasuwa ta wata hanyar da ba ta bi ta ƙofar Injiniya ba. Na sayo dogayen nan guda shida masu lamba 4000, da waya mai kaurin 1.5, wadda aka ce ita ce ta fitila, 2.5 kuma ta soket. Mai shago ya ja mini kunne cewa irin waɗanda ya ba ni ba sa aiki da cok da sitata na tsohuwar fitila, in cire su. Na cire, kuma ina so a rubuta cewa wannan ɓangaren ya tafi daidai.

Saura makunni. A ƙa'ida wayoyin gini suna da launi: a tsohon tsari ja ita ce mai wuta, baƙa ita ce nutural, a sabon tsari ruwan ƙasa da shuɗiya. Amma mai fentin da Alhaji ya ɗauka shekarun baya mutum ne mai adalci, bai bambanta tsakanin bango da waya ba, duk ya shafe su da fenti kore. Na jira aka ɗauke wuta, na dubi wayoyin nan biyu, na yi bisimilla, na yanke wadda ta fi kwanta mini a rai, na bi da ita ta makunni, na naɗe da baƙin salatif. Da aka kawo wuta na danna. Duk shidan suka kama lokaci guda! Na ɗauki hoto na tura wa Injiniya ta WhatsApp ban rubuta komai ba. Ya amsa da, "Allah ya tsare."

Washegari bayan sallar asuba Baba maigadi ya tare ni a ƙofar masallaci.

"Ɗan nan, ka bar fitilunka a kunne jiya."

"Na kashe, Baba, da hannuna."

Ya yi shiru, ya dubi hagu da dama, ya rage murya. "To wani ya kunna."

Da dare muka je tare. Makunni a kashe, ƙofa a kulle, muka leƙa ta kafar ƙyaure. Ga su nan su shida suna wani haske dishi-dishi kamar idon mage a duhu, ɗaya daga ciki har tana ƙiftawa jefi-jefi. Baba ya ce shi da ma ya sani. Ya ce kafin a gina gidan akwai wata tsohuwar tsamiya daidai inda bencina yake, kuma da aka zo sarewa ba wanda ya yi wa mazaunanta sallama.

Labari ba ya kwana a unguwarmu. Yarona ya fara samun ciwon ciki kullum dab da magariba. Uwargidan Alhaji ta aiko da kasko cike da garwashi da habbatus-sauda a yi hayaƙi, a wurin da garin katako ya kai idon sawu, ga galan ɗin tina a gefe. Da roƙo da magiya na tsayar da kaskon a waje, domin wannan ya fi aljanun ba ni tsoro. Sai kuma wata uwar amaryar ta kira ta ce ta ji abin da ke faruwa, 'yarta ba za ta kwana a gadon da mutanen ɓoye suka riga ta hawa ba, in dawo mata da kafin alƙalami. Kuɗin da tuni ya zama filawud.

Nan na ce dole a yi ta ta ƙare. Na kashe makunni, na tabbatar na kashe, na hau benci na zare fitila ɗaya, na kai yatsa zan gyara wayar da ke cikin holda. Abin da na sani kawai shi ne wani abu ya kama hannuna tun daga farce har kafaɗa ya girgiza, na yi salati da muryar da ban san ina da ita ba, na tsinci kaina zaune cikin garin katako. Daga waje na ji Baba yana cewa, "Sun taɓa shi! Wallahi sun taɓa shi!" Muryar tana ƙara nisa.

Alhaji da kansa ya kira Injiniya. Ya zo da tasta a aljihun gaba, bai ce mini komai ba. Ya kashe makunni, ya hau benci, ya dangwala tasta a holda. Ta kawo ja. Ya juyo da ita yadda kowa zai gani, har da masu leƙe ta taga.

Ya ce makunni layif, wato waya mai wuta, yake yankewa, ni kuma nutural na yanke. Saboda haka ko an kashe, volt 230 na nan zaune a jikin fitilun dare da rana, 'yar wuta kaɗan kuma tana silalewa ta jikin ƙarfe da damshin bango. Tsohon ƙwai mai wat 100 ko a jikinsa, amma LED abin da take ci ƙanƙane ne, wannan 'yar silalar ta ishe ta ta yi dishi-dishi. Ya ce makunni mai 'yar fitila a jikinsa ma yakan jawo haka. Kuma duk mai taɓa waya, daga babban makunnin gida ake kashewa, sannan a gwada da tasta. Da ya ga jama'a sun natsu sai ya ƙara da cewa a 2014 an ba masana uku 'yan asalin Japan kyautar Nobel saboda sun ƙirƙiro shuɗiyar LED, wadda ita ce ake lulluɓewa da sinadari mai ruwan ɗorawa ta ba da farin hasken nan. "Mutane sun ƙarar da ƙuruciyarsu a kan abu," in ji shi, "Oga kafinta ya zo ya mai da shi gidan aljanu."

Na ce a nemo mai fenti, shi ne ya kamata ya amsa tambayoyi. Injiniya ya ce ko na san kuɗin tasta a kasuwa? Na ce ba hira aka kira shi ba, kuma ba ma ni na kira shi ba.

Ya sauya wayoyin, ya haɗa wayar ƙasa a jikin ƙarafan, ya sauko da fitilun kaɗan daga jikin kwano don zafi na kashe su da wuri, ya dawo da guda ɗaya saitin benci ta gabana. Inuwar kaina ta koma inda ta fito. Duka shidan wat 108 suke ci, ƙaramin janaretona ko tari ba ya yi. Ya karɓi kuɗin da ya faɗa tun farko, ya ƙara da abin da ya kira kuɗin kwance aikin gwani. Ƙaton ƙwan kuwa na sayar wa mai shayin bakin titi da asara, yanzu can yara ke kai robobinsu.

Baba bai yarda da bayanin tasta ba. Ya ce addu'o'in da ya yi ne suka ci, zuwan Injiniya dacewa ce kawai, kuma tun daga ranar yake karɓar goro a wurina duk Juma'a.

Da aka kwana biyu Alhaji ya leƙo da dare, ya tsaya a ƙofa yana kallon wurin tas, ko'ina haske.

Ya ce, "Masha Allah. Ai wannan ya wuce gareji, ya zama shago. Daga sabuwar shekara kuɗin haya zai ɗan motsa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wurin da duk unguwa ke cewa akwai aljanu, ai ragi ya kamata a yi mini."

Ya ce, "To ka ga ashe kuna da yawa. Sai ku haɗa ku biya."