Ƙiriniyar ɗanki ba daga kwalbar lemo take ba

Abin da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp na iyaye mata a Sakkwato kwanan nan ya fara isata. Murya bayan murya, wai duk yaron da ba ya zama wuri ɗaya, mai rawar kai, wanda malam ke ta kai ƙararsa, to sukari ne da madara da ƙwai suka lalata mai ƙwaƙwalwa, a hana shi su wata ɗaya zai natsu. Ƙarshen muryar kuma sai ka ji an ce akwai wani garin magani na siyarwa, a tuntuɓi lamba kaza.

Wanga zance fa ba sabo ba ne. Wani likita a Amurka, Benjamin Feingold, shi ya fara yaɗa shi a shekarun 1970, ya ce kalar da ake zubawa a abinci da wasu sinadarai su ke sa yara ƙiriniya. Da aka zo aka gwada yadda ya kamata, wato ba uwa ba likita babu wanda ya san abin da yaron ya ci, sai yawancin abin da aka yi ta kururutawa ya zube.

Maganar sukari ma ta fi ban haushi. A 1995 wani likitan yara a Amurka, Mark Wolraich, da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwajen da aka yi suka buga a mujallar likitoci ta JAMA, ba su ga sukari na canza halin yara ba. Kafin nan a 1994 an yi wani gwajin da ya kamata kowace uwa ta ji: an ce wa wasu iyaye mata an ba 'ya'yansu sukari mai yawa alhali ba sukari aka ba su ba, iyayen nan suka dage yaran sun ƙara rashin ji, suka bi su da ido da faɗa. Ranar suna ko biki yaro ya sha lemo ya haɗu da sa'o'insa ya kwana bai yi barci ba, dole ya yi tsalle, amma sai a ɗora wa lemon. A rage zaƙi saboda haƙori, wannan gaskiya ne, amma ba maganin ADHD ba ne, wato ciwon da ke hana yaro natsuwa da zama wuri ɗaya.

Masu kawo binciken Southampton na Ingila na 2007 suna da ɗan abin riƙewa, an ga wasu kaloli irin su tartrazine haɗe da sodium benzoate, sinadarin hana abinci lalacewa, sun ɗan ƙara rawar kai, har Tarayyar Turai ta sa a riƙa rubuta gargaɗi a jikin kaya, sai dai tasirin ƙarami ne kuma ba a kowane yaro ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne inda ake wanga wa'azi. Jihar da asibitoci ke cika da yara masu tamowa duk damina, nan ne za a ce wa uwa ta cire madara da ƙwai daga kwanon yaro? Yaron da ya tafi makaranta da ruwan koko kawai a ciki, ga ƙarancin jini, ga tsutsar ciki, ga zafin da ya hana shi barci, ta yaya zai natsu a aji? Maƙwabtanmu Zamfara ba mu manta gubar dalma ta 2010 a Anka da Bukkuyum ba, yara sama da 400 suka rasu, kuma dalma sananniya ce wajen taɓa ƙwaƙwalwa da halayen yaro. Masu garin magani ba sa maganar wannan don ba ta kawo ciniki.

ADHD ciwo ne na gaske, gado na da ƙarfi a cikinsa, ba rashin tarbiyya ba ne, ba kuma duka ke gyara shi ba. Yaron da abin ya yi wa yawa gida da makaranta a kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware likita ya duba shi, a auna jininsa, kuma hukumar kula da abinci da magunguna NAFDAC ta waiwayi masu tallan garin nan.