Ɗaliban jinya da annobar korona ta bari da firgici

Duk lokacin da aka turo sababbin ɗaliban jinya ɗakin majinyatan da nake aiki, nakan tuna halin da ni da abokan karatuna muka shiga a ƙarshen shekarar 2020, kuma ina ganin lokaci ya yi da za a faɗi maganar da muka daɗe muna haɗiyewa.

Ina ajin ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, ranar 11 ga Maris 2020. A cikin watan aka rufe makarantu, muka koma gida muka zauna cikin dokar kulle. Mutanen Kano ba za su manta watan Afrilun shekarar ba, lokacin da masu haƙa kabari suka fara kokawa da yawan gawawwakin da ake kawo musu, har daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙidaya mutuwar mutum 979, kuma ana zaton rabi ko fiye da rabinsu na da alaƙa da korona. Da aka buɗe makarantu aka mayar da mu asibiti domin mu cike kwanakin aikin koyo da muka rasa, sai muka faɗa daidai lokacin da cutar ta dawo karo na biyu, a watannin Disamba da Janairu.

Wani dare ina dutin dare tare da nas guda ɗaya tak, aka kawo wani dattijo numfashinsa yana sarƙewa. Iskar oksijin da ke cikin silindar da aka sa masa ta ƙare wajen ƙarfe biyu, Sista ta fita neman wata, aka bar ni da shi, 'ya'yansa kuma suna waje an hana su shigowa. Ya riƙe hannuna yana cewa, "'Yata, ki buɗe mini taga," alhali tagar a buɗe take tun magariba. Kafin kiran sallar asuba Allah ya karɓi ransa. Da safe na yi ƙoƙarin faɗa wa babbar nas ɗin ɗakin abin da ya faru, ta dube ni ta ce, "Ki yi haƙuri, haka aikin yake, za ki saba." Ban riƙe ta da komai ba, domin ita ma a gajiye take, kuma abin da aka faɗa mata tana ɗaliba shi ta maimaita mini.

Ban saba ba. Na yi wajen wata takwas ba na samun barcin kirki, da na rufe ido sai in ji muryar dattijon. Idan na ji ana jan silinda a kan siminti sai gabana ya faɗi, tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Nakan zagaya ta doguwar hanya don kada in bi ta gaban wancan ɗakin. A gida kuwa na daina zama kusa da mahaifiyata, wadda ke fama da ciwon suga, saboda na riga na sa a raina cewa ni ce zan kawo mata ajalinta a jikin kayana.

Sai da na gama makaranta wani likitan ƙwaƙwalwa ya faɗa mini cewa abin da ke damuna yana da suna. Ciwon firgici ne da ke biyo bayan tashin hankali, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PTSD, kuma tun 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da shi cikin jerin cututtuka, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Alamominsa su ne abin da ya faru ya riƙa dawo wa mutum a mafarki ko ido biyu, ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa, ya kasance kullum a razane, ya riƙa ɗora wa kansa laifi, kuma wannan hali ya wuce wata guda yana hana shi gudanar da rayuwarsa. Yana kuma da magani, mafi inganci shi ne zaman tattaunawa da ƙwararre wanda zai bi da mutum ta cikin abin da ya gani sannu a hankali har ƙwaƙwalwa ta daina ɗaukarsa a matsayin abin da ke faruwa yanzu, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyi.

Abin da nake so a fahimta shi ne ɗalibi ya fi kowa rauni a cikin asibiti lokacin annoba. Ma'aikaci yana da shekarun gogewa, yana da ƙungiyar ƙwadago, yana da albashi, ko da kuwa alawus ɗin haɗarin da ake ba shi kafin korona naira 5,000 ne kacal a wata. Ɗalibi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Idan takunkumi da safar hannu suka yi ƙaranci, shi ne na ƙarshe a layi, kuma ba zai iya cewa ba zai shiga ɗaki ba, domin mutumin da ya tura shi ne zai sa masa hannu a littafin aikin koyo, wanda ba a zama jarrabawar ƙarshe sai da shi. Da yawa daga cikinmu a lokacin muka fara ganin fitar rai. Ko a Ingila, inda aka buɗe wa ɗaliban ajin ƙarshe ƙofa a 2020 su shiga asibitoci su taimaka, zaɓi aka ba su, kuma an biya su.

Wani abin da ya ƙara mana nauyi shi ne yadda jama'armu ke fassara irin wannan ciwo. Wata ƙawata da abin ya fi tsananta a kanta, wasu suka ce raki ne, wasu suka ce ƙarancin tawakkali, wasu suka ce aljanun asibiti ne suka shafe ta. Ni musulma ce, na yarda da ƙaddara, addu'a kuma ta riƙe ni a dararen da ba na iya barci. Amma Annabi Yaƙub, Alaihis Salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, kuma babu wanda zai tuhumi imaninsu. Wanda ya karye a ƙafa muna yi masa addu'a sannan mu kai shi wurin ɗori, ban ga dalilin da zai sa a hana wanda zuciyarsa ta ji rauni irin wannan gata ba. Tsoron kada a ce an ga 'yarsu a asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Dawanau, maganar aurenta ta lalace, shi ya sa iyayen ƙawata suka ƙi kai ta asibiti. Ta bar karatun saura wata huɗu ta gama.

A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ina kira ga Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya da shugabannin makarantunmu da su sa ruhin wannan doka ya isa ɗakunan kwanan ɗalibai. Kowace makaranta ta samu mai ba da shawara wanda ba shi da hannu a makin ɗalibi, don a iya faɗa masa gaskiya ba tare da fargaba ba. Kada a bar ɗalibi shi kaɗai da majinyacin da ke gargara, kuma duk wanda majinyaci ya rasu a hannunsa a zauna da shi washegari, a sake tambayar lafiyarsa bayan wata guda.

Annoba ba ta ƙare da korona ba, domin mashaƙo ya kwantar da dubban yara a Kano a 2023, zazzaɓin Lassa kuma yana dawowa duk rani. A makon jiya wata ɗaliba 'yar aji biyu ta ga rasuwar yaro karo na farko a ɗakinmu. Na ja ta ofis, na ba ta ruwa, na bar ta ta yi kukanta, na kuma rubuta sunanta a littafina domin in neme ta idan wata ya zagayo.