Kafin ka hau jirgin Roma, ga ra'ayina kan haddar kalmomin Italiyanci

Masu shirin tafiya Italiya, ɗalibai ne ko 'yan kasuwar takalma da jakunkuna, da yawansu hanya ɗaya suke bi: su sauke jerin kalmomi barkatai a waya, su yi ta karantawa dare da rana. Ina ganin wahalar banza ce. Karantawa daban, tunowa daban, kuma a Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Roma, tunowa za a nema a wurinka.

Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya gwada a kansa, ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a sa'o'in farko da kwanakin farko take faruwa. Maganinta tishi ne mai tazara: yau, gobe, bayan kwana uku, bayan mako. Duk wanda ya yi hadda a makarantar allo ya san ba a barin na baya don an samu sabon karatu. Manhajar Anki a kan wannan aka gina ta, amma ko guntayen kwali sun isa. Sharaɗin shi ne ka rufe amsar, ka faɗa da ƙarfi, sannan ka duba.

Abin da na fi so shi ne ɗaure sabuwar kalma da sautin Hausa. Casa gida ne, kuma a arewacin Italiya "kaza" suke furtawa, to hango kaza ta hakimce a tsakar ɗakinka. Sale gishiri ne, sai ka ga Malam Sale da mudun gishiri a kai. Latte madara ce, mai nono ta yi latti. Caro na nufin tsada, ka yi karo da ita a kanti. Yadda hoton ya kai ban dariya, haka yake zama daram. Kuma ka ƙirƙiri naka, don na wani ba ya kamawa kamar wanda kai ka haɗa. In kalmomin sun taru, jera su a gidanku daga zaure zuwa madafa, ka riƙa bi da zuciya. Dabarar ma 'yar gida ce a can, masu jawabi na tsohuwar Roma da ita suka riƙa haddace huɗubobinsu, Cicero, shahararre a cikinsu, ma ya yi bayaninta.

Bahaushe na da sa'ar da bai cika lura da ita ba. Kalmomin Italiyawa kusan duka da wasali suke ƙarewa, kamar namu. Harafin c kafin e ko i daidai yake da c ɗinmu na "ciki". Suna ninka baƙi kamar yadda muke yi, shi ya sa kunnenmu zai raba sete, ƙishirwa, da sette, bakwai. Suna da namiji da mace, mafi yawan masu ƙarewa da a mata ne. Duk da haka ka haddace kowace kalma da il (na namiji) ko la (na mace) ɗinta, saboda akwai masu karya doka irin il problema da la mano.

Wajen zaɓen kalmomi kuwa ina da tsauri. Sunayen dabbobi su jira. Fara da biglietto tikiti, binario dandamalin jirgin ƙasa, uscita mafita, ritardo jinkiri, sciopero yajin aiki. Mai dogon zama ya san questura, ofishin 'yan sanda inda ake batun takardar zama. Musulmi kuma, don Allah, ya riƙe maiale, wato alade, tare da prosciutto, pancetta da guanciale, duk namansa ne, da kuma strutto, kitsensa da kan shiga wasu burodi da kayan gashi. Jumlar "senza maiale, per favore", wato "ban da alade, don Allah", ta zauna a bakinka kafin ka kai filin jirgi, ka yi ta maimaita ta har ta riƙa fita ba tare da ka tsaya tunani ba.