Na hau tudun, na sauko ban ga komai ba

Jama'a, abin nan tun ranar Asabar yake cin raina, bari in amayar da shi ko na samu sauƙi.

Muna kan hanyar birnin St. Louis na Amurka ni da iyali, yara suka ishe ni da rigima, sai na ratse wani fili a jihar Illinois da ake kira Cahokia don su sha iska. Akwai wani ƙaton tudu a wurin. Na hau da gudu, na ɗauki hoton kaina, na tura wa abokai a WhatsApp, na sauko. Shi ke nan ziyarata.

A wurin ajiye motoci na tarar da wani dattijo Bature da matarsa. Sun yi ritaya, sun koma rayuwa cikin irin motar nan mai gado da kicin da banɗaki, yau suna nan gobe suna can. Ita tana zuba masa kofi, shi yana fama da wani bututun ruwa da ke yoyo, suna ta musu a kan wanda ya manta bai sayo burodi ba. Sai tsohuwar ta tambaye ni me na gani a sama. Wallahi na rasa ta cewa.

Ta buɗe wani littafi da take rubuta tarihin duk garin da suka sauka. Ashe tudun da na taka hannun mutane ne ya tara shi, kwando-kwando na ƙasa, har ya kai kusan mita 30. Wajajen shekarar 1100 birni ne mai dubban jama'a kusa da kogin Misisipi, ga gonakin masara, ga sarauta. Kafin 1400 ya zama kufai. Ko sunan da suke kiran garinsu da shi babu wanda ya sani, Cahokia sunan wata ƙabila ce da ta zo daga baya. Mijin ya ce shi abin da ke tsaya masa a rai, mai gidan da ke saman tudun nan a wancan zamani ya ɗauka ba za a taɓa mantawa da shi ba.

Kunya ta lulluɓe ni. Ni ne fa na haddace Suratur Rum tun ina yaro, inda Allah ke tambaya ko ba su yi tafiya a bayan ƙasa ba su ga ƙarshen waɗanda suka gabace su, masu ƙarfin da suka noma ƙasa suka raya ta. Ayar tana bakina, kufan yana ƙarƙashin takalmina, zuciyata tana cikin waya!

Kuma kada ka yi mini dariya, ɗan'uwa, kai ma haka kake. Sau nawa ka wuce ganuwar Kano a adaidaita sahu, wadda aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu, kusan lokaci ɗaya da tudun nan, ka tambayi kanka ina maginanta? Ka raka gawa maƙabarta, ana zuba ƙasa kana duba sakamakon ƙwallo. Hajiya, kin je Uhudu, hotuna nawa kika dawo da su, hawaye nawa? Gidan kakanku da ya rushe a ƙauye, kuɗin filin kawai ake lissafi.

Ban ce kada a ɗauki hoto ba, ni ma ba zan daina ba. Amma don Allah a tsaya ko na minti biyu ne. A tsaya a duba.

Na sake hawa tudun, wannan karon a hankali, ni da uwargida, wayar tana mota. Ya Allah ka cire mana gafala. Ya Allah ka farkar da mu kafin mu ma a taka mu a wuce.