Rele ɗaya ya dafa mini ƙwai, an ce laifina ne

Ƙwai 96, kwanansu 14 a injin ƙyanƙyasa, saura mako guda tsaki su fito. Jiya da asuba na buɗe injin, zafi ya bugi fuskata. Sun dahu.

Halin wuta a Garwa ta Kamaru ba sai na faɗa muku ba, shi ya sa injina kan batirin sola mai volt 12 yake. Shekaranjiya tsohon rele, makunnin nan mai kunna wuta da kashewa da kansa, ya mutu, na ruga kasuwa neman irin SSR, wanda ba ya ƙas-ƙas, ya riƙa kunna hita yana kashewa a tsaya kan digiri 37.5. Na ce wa yaron shago na batir nake so. Ya miƙo mai rubutun DA, ya ɗora farce kan 3–32V DC, wato wutar batir: "Baba, 12 ba tana tsakiyar nan ba?" Na ƙirga jaka biyar.

Ashe wannan lambar ta ƙofar umarni ce kawai, gefen da ke gaya wa rele ya kunna ko ya kashe. Gefen da hita ke shan wuta, 24–380V AC aka rubuta, wutar gida ke nan. Abin da ke cikinsa ba ya saki sai wuta ta sauko sifili, ta gida kuwa tana yin haka sau 100 a sakan ɗaya. Ta batir ba ta saukowa. Ya kama, ya ƙi saki har gari ya waye. Mai rubutun DD, wanda ke iya katse wutar batir, ya kamata a ba ni.

Na koma. Yana danna waya.

"Ɗana, na wutar gida ka ba ni."

Ko ɗago kai bai yi ba. "Ya kunna ko bai kunna ba?"

"Ya kunna. Kashewa ce ya ƙi."

"To ai yana aiki."

Yana aiki! Madalla da injiniya. Na ce ƙwaina fa? Sai a nan ya dube ni: "Kai da ka iya karatu haka, me ya hana ka karantawa tun farko? Kayan lantarki in sun fita ba sa dawowa." Ya jawo mai DD daga ƙarƙashin teburi, wai jaka shida. Yana da shi tun ranar!

Amma wa ya jefa ni hannun yaron nan? Madatsar Lagdo mai samar da wutar lantarki na nan kan kogin Binuwai tun 1982, kusa da mu, duk da haka mai kiwon kaji sai ya zama masanin volt kafin ya ga tsako. Kaya na shigowa ba mai dubawa, a cuce ka ba inda za ka kai ƙara, masu karɓar haraji dai ba sa ɓata hanya. Su janareta ke kwana yana musu kiɗa. Ni ga ƙwai 96 can a bayan gida, karnukan unguwa na walima.